Yadda Ake Sabunta Tsohuwar Motar Amurka Mai Ƙwanji Ba Tare da An Kashe Asalinta Ba

A watan Yunin 2014, a gwanjon kamfanin Mecum a birnin Seattle, an sayar da wata Plymouth Hemi 'Cuda ƙirar 1971 mai rufin da ake naɗewa a kan dala miliyan 3.5. Wanda ya saya ba gudu ya biya wa kuɗi ba, domin motocin yau da dama za su bar ta a baya a kwana, su kuma riga ta tsayawa in an taka birki. Abu biyu ya biya wa: irinta da aka ƙera a shekarar ba su wuce 12 ba, sannan injin da ke cikinta shi ne ainihin wanda ta fito da shi daga masana'anta. Da a ce wani ya taɓa zare injin nan ya yar, ya yanke gidan taya don ya sa manyan wili, da an tafka asarar da walda ba ta gyarawa.

Irin waɗannan motoci su ne Amurkawa ke kira muscle car, mu ce motoci masu ƙwanji: matsakaicin jiki, ƙofa biyu, da ƙaton inji mai silinda 8. Yawancin masana na ɗaukar Pontiac GTO ta 1964 a matsayin ta farko, lokacin da John DeLorean da abokan aikinsa suka cusa inji mai girman inci kubik 389 cikin jikin motar Pontiac Tempest. Daga nan Ford da Chevrolet da Dodge da Plymouth suka shiga gasa. Zamanin bai daɗe ba. Dokar tsaftace iska ta 1970, tsadar inshora, da ƙarancin mai na 1973 suka taru suka rufe shi. Mustang da Camaro sun ɗan fi ƙanƙanta, masu tsaurin ra'ayi na ba su suna daban, amma a gareji tafiyarsu ɗaya.

Duk wanda ya taɓa tuƙa ɗaya a yadda ta fito ya san abin da ke sa mutane sha'awar sabunta su. Birkin dirom yakan yi zafi ya saki bayan taku kaɗan masu ƙarfi. Sitiyari na da wasa, sai ka juya shi kafin mota ta ji. Kafireta ba ta son sanyin safiya, a babban titi kuma inji ihu yake yi saboda babu giyar hutu, wato giyar sama mai rage juyin inji. Aikin da ake kira restomod shi ne a bar wa mota tsohuwar fuskarta, a ba ta ƙafa da zuciya da jijiyoyi na zamani. Ina son wannan aiki ƙwarai. Abin da ba na so shi ne a yi shi a kan motar da ba ta da madadi, ko a yanke abin da ba za a iya mayarwa ba. A kan wannan na tsara matakan nan.

Mataki na 1: San wace mota ce a hannunka

Kada ka kwance ko noti ɗaya kafin ka gama wannan. A nan ake raba Camaro ta dubban daloli da ta ɗaruruwan dubbai, alhali a ido duk ɗaya suke.

Fara da lambar shasi. Lambar mai harafi 17 da aka sani yau sai 1981 ta zama doka, waɗannan motoci nasu gajere ne, kuma kowane kamfani da salonsa. Na Dodge da Plymouth harafi 13 ne, na biyar shi ke faɗin inji. In ka ga 'Cuda ta 1970 lambarta ta fara da BS23R0B, wannan R ɗin na nufin ƙaton injin nan mai tsada, Hemi 426, sai ka ajiye sifana ka nemi kujera ka zauna. A 1968 da 1969 harafin Hemi J ne. Na Ford harafi 11 ne, shi ma na biyar ne na inji: K na nufin 289 mai ƙarfi, G a 1969 da 1970 Boss 302, R kuma 428 Cobra Jet mai shaƙar iska ta saman banat, Z shi ne Boss 429. GTO daga 1966 zuwa 1971 da 242 take farawa.

Chevrolet ce mai wahalar sha'ani. Camaro ta 1969 mai lamba 12437 abin da kawai ta gaya maka shi ne silinda 8 gare ta. Ba ta ce Z/28 ba, ba ta ce SS ba, wato nau'o'inta masu ƙarfi da tsada. Chevelle SS daga 1966 zuwa 1968 tana da lambarta ta 138, amma daga 1969 SS ta koma ƙarin kaya da mai saye ke zaɓa, lambar shasi ba ta nuna shi. Shi ya sa jabu ya fi yawa a nan, don alamar SS da ake mannawa a jiki kowa na iya saye.

Daga nan sai inji. A Chevrolet akwai wani ɗan fili da aka share a gaban bulok, ɓangaren fasinja, dab da tof silinda. Goge shi da tsumma da kananzir, kada ka sa sanfefa, ka haska tocila ta gefe. Za ka ga lambar haɗa inji da wutsiyar lambar shasi. In lambar haɗa injin ta ƙare da DZ a Camaro ta 1969, injin 302 na Z/28 ne. Dubi ƙarfen da kyau: na asali yana da siraran layuka miƙaƙƙu da injin masana'anta ya bari, wanda aka share aka sake bugawa kuwa yakan nuna zane mai lanƙwasa ko santsi fiye da kima. Sannan ranar da aka zuba bulok dole ta riga ranar da aka haɗa mota. In inji ya zama ƙanen motar, ba nata ba ne.

Sai takardu. Motocin Ford daga 1967 ana samun tarihinsu a rahoton Marti, wanda ke fitowa daga kundin kamfanin kansa, ya faɗi launi da inji da dilan da aka kai wa. Motocin Pontiac kuma akwai wata cibiyar tarihinsu mai suna PHS mai irin wannan aiki. Dodge da Plymouth na da ƙaramin faranti a madigadi na ciki ƙarƙashin banat, da takardar haɗi da ma'aikata kan cusa a cikin mota. Ɗaga kujerar baya ka kifa ta, ka leƙa tsakanin sifirin da soso. Sau da yawa za ka tarar da wata takarda ta yi ruwan ƙasa, ta bushe kamar ganyen kuka, cike da lambobi. Kada ka fizge ta. Ɗauki hotonta a inda take, ka zare ta a hankali, ka sa a leda mai tauri. Wannan 'yar takarda na iya fin fentin motar gaba ɗaya daraja.

Mataki na 2: Yanke hukunci kan abin da ka gano

Motocin sun kasu uku a wajena. Kashin farko su ne waɗanda ba a taɓawa: Camaro ZL1 ta 1969 da aka ƙera 69 kacal, Charger Daytona ta 1969 da ba ta fi kimanin 500 ba, Boss 429 da ba ta kai 1,400 ba a shekara biyu, Superbird ta 1970, Chevelle LS6 mai takardu, da duk wata Hemi mai injinta na asali. In ɗaya daga cikinsu ta faɗo hannunka kuma zuciyarka na son ta zamani, sayar da ita ga mai maido da ita yadda take. Kuɗin zai saya maka gama-garin jiki, ya biya aikin duka, har ka samu canji.

Kashi na biyu su ne masu daraja amma ba ƙarshe ba, kamar GTO ko Road Runner ko SS da injin asali ya riga ya ɓata tun da daɗewa. Waɗannan ana sabunta su, da sharaɗin komai na noti ne: abin da aka ɗaura yau a iya kwance shi gobe.

Kashi na uku shi ne filin wasa. Ford ta ƙera Mustang sama da 600,000 a 1966 kaɗai, Chevrolet ta ƙera Camaro sama da 243,000 a 1969. Mai silinda 6, ko mai ƙaramin inji, ko wadda aka tsinta ba inji ba giya, jikinta iri ɗaya ne da na 'yar uwarta mai tsada. Ga wanda ba ya son faɗa da tsatsa, kamfanin Dynacorn na buga sabon jiki ɗungurungum na Camaro da Mustang da lasisin masu su. Sai dai a kula: ɓamɓare farantin lamba daga ruɓaɓɓiyar mota a manna wa sabon jiki na iya kai mutum gaban alƙali. Dokar tarayya ta hana wasa da lambar shasi, kuma kowace jiha da tata ƙa'idar rajista, don haka a tambayi ofishin rajista tun kafin a saya.

Mataki na 3: Rubuta abin da motar za ta yi

Yawon ƙarshen mako za ta yi, ko doguwar tafiya, ko gasar kwana a filin tsere irin motocin Camaro da injiniya Mark Stielow ya yi suna da su? Amsar ita ke zaɓa maka inji da birki da taya. Rubuta ta a takarda tare da kasafin kuɗi, ka ware wani kaso mai kauri na abin da tsatsa za ta tono. Ayyukan da suka mutu a rabi, waɗanda ake tallarsu a kwalaye, yawanci mai su inji ya fara saya, kuɗi suka ƙare a wajen mai walda.

Mataki na 4: Kwancewa

Ɗauki hoto kafin ka taɓa kowane abu, da lokacin da kake cirewa, da bayan ka cire. Kowane rukunin noti ya shiga ledarsa da rubutu, kowace waya a liƙa mata suna. Kafin ka cire ƙofofi, huda ɗan ƙaramin rami ta cikin hinji zuwa jiki, ranar mayarwa ƙusa ɗaya za ta nuna maka mazauninsu.

Kada ka yar da komai, ko da ya yi kama da shara. Kafireta, bututun iskar inji, altaneta, wili, sitiyari, rediyo, kusan duk suna ɗauke da lamba da kwanan wata, kuma masu maido da motoci na neman su ruwa a jallo. Tsohon inji kuwa a juye ruwansa, a zuba ɗan mai ta ramukan filogi, a toshe duk kafofinsa, a ɗora shi kan katako a wuri busasshe. In za ka kai shi wajen masu gyaran bulok, gaya musu da baki kuma ka rubuta musu cewa kada su share saman bulok ta inda lamba take. Shara ɗaya ta injinsu ta isa ta goge shaidar motar har abada.

Mataki na 5: Ƙarfe da tsatsa

Nan ne rabin aikin, kuma nan ne ba a gani a hoto. Motar da ta rayu a jihohin arewa kamar Mishigan da Ohayo, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, daban take da wadda ta tsufa a Arizona. Wuraren dubawa sanannu ne: daɓen ƙasa, cikin but, bayan tayoyin baya, kewayen gilashin baya, da dogayen ƙarafan shasi. A Mustang akwai akwatin iska da ke gaban gilashin gaba. Zuba ruwa a ciki, ka leƙa ƙarƙashin dashbod. In ya ɗigo a kan daɓe, akwatin ya ruɓe, kuma gyaransa sai an ɓalle walda masu yawa.

Na taɓa tsayawa a kan wata Camaro da aka kawo gareji tana sheƙi kamar madubi. Da aka goga maganaɗisu a gefenta na baya sai ya zame ya faɗi. Da aka kankare, fila ce mai kaurin ɗan yatsa, a bayanta ragar waya, a bayan ragar kuma babu ƙarfe ko kaɗan. Kitso aka yi da ƙwarƙwata. Abin ya daɗe yana damuna, don mai motar da kuɗin guminsa ya saya.

Don haka a kankare jiki har ƙarfe. Yashi mai ƙarfi na lanƙwasa faffaɗan kwano kamar rufi da banat, saboda haka a waɗannan wurare a yi amfani da soda ko garin roba ko a kankare da hannu. Da an gama a fesa faramar ifoksi ba tare da jinkiri ba, domin tsiraran ƙarfe ba ya jimawa yake fara ja. Kafin a yanke daɓe ko gefe, a gicciya ƙarafa a bakin ƙofofi a walda su na wucin gadi, in ba haka ba jiki zai karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa. Inda faci zai wadatar, a yi faci. Kwanon asali ya fi sabon bugu zama daidai, kuma akwai lambobin da aka buga a ɓoyayyun sassan jiki waɗanda bai kamata su bi tarkace ba.

Mataki na 6: Ƙafa da birki, kafin inji

Ginin motocin ba ɗaya ba ne, kuma shi ke nuna abin da zai yiwu ba tare da yanka ba. Chevelle da GTO jiki ne a kan cikakken shasi. Ana ɗaga jikin, a gangara da tsohon shasin gefe a ajiye, a tura sabo na Roadster Shop ko Art Morrison. Wannan shi ne sabuntawa mafi tsafta. Camaro ta 1967 zuwa 1969 tana da rabin shasi a gaba da manyan noti ke riƙe da shi, kamfanoni irin su Detroit Speed na yin sabo da ke zama a ramukan asali, da sitiyarin zamani da shokazoba mai sifirin a jiki. Dodge da Plymouth sandar murɗa suke amfani da ita a gaba maimakon sifirin. Sau da yawa sanda mai kauri, shokazoba mai kyau da sabon akwatin sitiyari sun isa su canza halin motar, ba sai an cire komai ba. Mustang jikinta shi ne shasinta. Akwai tsohuwar dabara da aka yi wa Mustang GT350 ta kamfanin Shelby a 1965: a sauke mazaunin hannun sama na tayar gaba da inci 1. Ramuka ne kawai ake hudawa, amma taya na kama ƙasa sosai a kwana.

Motocin da ba su da cikakken shasi suna buƙatar ƙarafan da ke haɗa gaba da baya ta ƙarƙashi. Na walda sun fi ƙarfi, na noti sun fi sauƙin cirewa. A kashi na biyu na noti nake zaɓa.

Abin da ya fi cin motoci masu daraja shi ne faɗaɗa gidan tayar baya don sa taya mai faɗi. Yanka ne na gaske, ba a dawowa daga gare shi cikin sauƙi. Tayar zamani mai matsakaicin faɗi ta riga ta fi ta 1969 riƙo nesa ba kusa ba, kuma ta ishi mai yawo a titi.

Birki kuwa ba a ciniki a kansa. Motocin 1966 zuwa baya yawanci tukunyar man birki ɗaya gare su, tiyo ɗaya ya fashe ƙafa huɗu sun tafi. A sa mai gida biyu, a sa diski aƙalla a gaba, a sauya duk bututun ƙarfe da tiyo, a sa bawul mai daidaita ƙarfin baya don kada tayoyin baya su riga na gaba kullewa. Wilwood da Baer na da kaya na kusan kowane ƙira. Ka zaɓi birki kafin wili, domin diski mai inci 13 ba ya shiga wilin asali mai inci 14, yawanci sai 17.

Mataki na 7: Inji, giya da aksil

Ga motocin GM, wato Chevrolet da Pontiac, injin LS3 mai lita 6.2 da ƙarfin doki 430 shi ne zaɓin da aka fi bi. Ƙarami ne, bulok ɗinsa alminiyam, ya fi tsohon babban injin ƙarfe sauƙi da kusan kilo 100, kuma wannan nauyi daga kan hancin mota yake sauka. Kada lambobi su ruɗe ka in ka ji Chevelle LS6 ta 1970 doki 450 gare ta. Kafin 1972 ana auna inji ne tsirara, ba salansa ba kayan jiki, don haka 430 na yau ya fi yadda yake a ido. Ga Dodge da Plymouth akwai Hemi 392 mai doki 485, akwai Hellcrate mai 707 da aka fito da shi a baje-kolin SEMA na Las Vegas a 2017. Ra'ayina, 707 ya yi wa jikin da aka zana shekaru sama da 50 yawa, sai in an sake gina komai na ƙarƙashinsa.

Mustang ce ke da tarko. Injin Coyote mai lita 5.0, wanda ya fito a 2011, kansa faɗi ne da shi, ba ya shiga tsakanin ginshiƙan shokazoba sai an yanke su. A gama-garin jiki babu laifi. A mota mai harafin K ko R kuwa, a'a. A nan gara a gina injin Windsor na tsohon ƙira da aka ƙara wa girma, a ɗora masa nozul na zamani irin Holley Sniper da ke zama a mazaunin kafireta. Zai tashi da bugu ɗaya, kuma ba a taɓa jiki ba.

Giyar hutu ita ce canjin da direba ya fi ji a jikinsa. Mota mai aksil 3.73 da taya inci 26, a gudun mil 70, wato kusan kilomita 113 a awa, injinta na juyi kusan 3,400 a minti da tsohuwar giya 4. Da giya ta biyar mai 0.68 sai ya sauko kusan 2,300. Ihu ya ragu, zafi ya ragu, mai ya ragu. Tremec TKX mai giya 5 an yi ta siririya don ta shiga yawancin tsofaffin motoci ba yanka ko da ɗan bugu kaɗan. Magnum mai giya 6 ta fi kauri, sau da yawa sai an yanke daɓe.

Aksil ya dace da ƙarfin inji: Ford mai inci 9, GM mai noti 12, ko Dana 60. Bayan an zaunar da inji, a auna karkatar giyabos da ta aksil da ma'aunin kusurwa. Su yi daidai da juna, kuma karyewar farfela a kowane gefe ta tsaya tsakanin digiri 1 zuwa 3. Wanda ya tsallake wannan zai yi ta neman wata girgiza da ke zuwa a gudu ya rasa inda take.

Mataki na 8: Mai, ruwa da wuta

Kafireta na shan mai a matsin 5 zuwa 7 na ma'aunin psi, LS kuwa 58 yake so. Tsohon tiyo da kilif ba za su riƙe ba. A sa sabon tanki mai famfo a ciki da shinge da ke hana mai gudu gefe a kwana, da bututu masu jure fetur ɗin Amurka na yau mai gaurayen itanol, wanda ke cin tsohuwar roba. A Mustang ta 1965 zuwa 1970 saman tanki shi ne daɓen but, don haka a sa farantin ƙarfe a bayan kujerar baya ya raba mai da mutane.

Lagireto na alminiyam da fanka mai lantarki, sannan kada a manta da siraran bututun tururi na LS, in an toshe su iska na taruwa a kan inji.

Wayarin kuwa a cire tsohon gaba ɗaya, a naɗe a ajiye, a sa sabo na American Autowire ko Painless. Tsohon an yi shi ne don fitila da rediyo, ba don fanka da famfo da esi da ƙwaƙwalwar inji ba. A Dodge da Plymouth duk wutar caji na bi ta agogon dashbod da wani mahaɗi a bangon inji, kuma an san wurin da narkewa. A karkatar da wutar, a mayar da agogon mai auna bolt. Waya mai kauri ta haɗa batir da inji da jiki, domin ƙwaƙwalwar inji ba ta haƙuri da atin mara kyau.

Mataki na 9: Haɗa ta sau biyu

Kafin fenti, haɗa motar gaba ɗaya: inji, salansa, esi, wili, bamba, gilashi, kujeru. Huda duk ramin da za a huda, juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka ga ko taya na gogar wani abu, rufe banat ka tabbata bai taɓa inji ba. Sannan a sake kwancewa a kai fenti. Aiki biyu ne, amma ya fi a ɗora injin huda a kan sabon fenti.

Launi zaɓinka ne, sai dai na zamanin suna da kwarjinin da ba ya tsufa: Plum Crazy na Dodge, Hugger Orange na Chevrolet, Grabber Blue na Ford. A ciki, esi na Vintage Air na ɓuya a bayan dashbod, agogunan Dakota Digital na zama a ramukan asali. Kada a yanke dashbod don rediyo, a ɓoye sabon a akwatin gaban fasinja. A sa bel mai kama kafaɗa da ƙugu a mazauni mai ƙarfi, kuma motar da ta riga 1967, ko 1968 in ta Ford ce, a ba ta sandar sitiyari mai naɗewa in an yi karo.

Mataki na 10: Takardu da tayarwar farko

Dokar hayaƙi ta bambanta daga jiha zuwa jiha. A Kalifoniya motocin 1975 zuwa baya ba sa zuwa gwajin hayaƙi na bayan shekara biyu, waɗanda suka biyo baya kuwa suna zuwa, kuma don irinsu Chevrolet ta yi injin E-ROD mai izinin hukumar jihar. Inshora a nemi wadda ake yarjejeniya kan darajar mota tun farko, irin ta Hagerty, a kai musu rasit da hotuna.

Ranar tayarwa ku kasance mutum biyu, da abin kashe gobara a kusa. A fara tura baƙin mai ya zagaya inji. A murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, famfo ya cika bututu, a bi kowane mahaɗi da farin tsumma ana neman danshi. In ta tashi, ido ɗaya a kan agogon baƙin mai, ɗaya a ƙarƙashin mota. Gwajin birki na farko a yi shi a gudun tafiyar ƙafa. Daidaita tayoyi kuma a ba wanda ya san cewa lambobin littafin 1969 na tsohuwar taya ne, ba na ta yau ba. Bayan kilomita 80 na farko a ɗaga ta a sake bin notin wili da na ƙafa da na farfela, a maimaita bayan 800.

Sauran abu ɗaya. Tara hotuna, rasit, rahoton Marti ko PHS, takardar da ka zaro daga kujera, da jerin duk abin da aka sauya da lambarsa, a fayil guda. Kwalayen kayan asali a rubuta musu lambar shasin motar. Tsohon injin da ke kan katako kuma, duk bayan 'yan watanni ka cire filogi, ka ɗiga mai, ka sa sifana a notin gaba ka juya shi zagaye biyu da hannu don kada fistin ya kama.